RUSHE MADATSAR RUWA DOMIN RAYA KOGI: LABARIN KOGIN ELWHA

Duk inda aka ambaci madatsar ruwa a Nijeriya, abin da ke fara faɗo wa mutum a rai shi ne ci gaba da ƙaruwar arziki. Madatsar Kainji, wadda aka gama a 1968, ita ce ta fara juya ƙarfin ruwan Kwara ya zama wutar lantarki mai yawa. Ta Tiga kuwa, tun daga 1974, ta sa manoman Kura da Kadawa suna girbin alkama da tumatir a tsakiyar rani. Saboda haka wanda ya ji labarin cewa wata gwamnati ta ware kuɗi masu ɗimbin yawa, ta tara injiniyoyi da ma'aikata domin su rushe madatsar da ke tsaye daram tana ba da wuta, ba a ga laifinsa ba in ya ɗauka taɓin hankali ne. Amma an yi hakan, ana kuma kan yi. A Amurka kaɗai an kawar da madatsun ruwa fiye da 2,000, ko da yake galibinsu ƙanana ne waɗanda suka tsufa. Wannan ɗan littafi zai bi labarin kogi guda ɗaya, watau Elwha, domin mai karatu ya ga dalilin da ya sa aka rushe manyan madatsu biyu da ke kansa, da yadda aka gudanar da aikin, da abin da ya biyo baya, mai daɗin ji da marar daɗi.

KOGIN DA KIFINSA

Elwha ɗan gajeren kogi ne, tsawonsa bai wuce kilomita 72 ba. Yana cikin Jihar Washinton, a kusurwar arewa maso yammacin Amurka, dab da iyakar Kanada. Yana tasowa daga duwatsun Olimpik masu ƙanƙara, ya gangaro ta cikin kurmi mai manyan itatuwa, ya faɗa cikin wani mashigin Tekun Fasifik kusa da garin Port Angeles. Ruwansa sanyi ƙalau, ƙasansa kuwa tsakuwa ce. Irin wannan ruwa shi ne gidan kifin da ake kira salmon.

Babu salmon a ruwayen Afirka ta Yamma, don haka ya kamata a ɗan tsaya a bayyana halinsa, gama labarin duka a kansa ya rataya. Ana ƙyanƙyashe shi a cikin tsakuwar rafuffukan kan dutse. In ya yi kamar tsawon ɗan yatsa, ko ya ɗara, sai ya bi ruwa ya gangara zuwa teku, ya shekara a can yana kiwo, wani iri shekara ɗaya da 'yan watanni, wani iri shekara 3 ko 4 ko fiye. Sa'ad da ya ƙosa, sai ya juyo ya nemi kogin da aka haife shi, ba wani ba, yana gane shi da ƙanshin ruwansa. Daga ranar da ya shiga kogi ya daina cin abinci ke nan. Yana haurawa yana yaƙi da igiyar ruwa, yana tsallake duwatsu, har ya isa inda ya fito. A nan macen takan haƙa rami cikin tsakuwa da wutsiyarta ta zuba ƙwai, namijin ya barbare su, ta rufe, sa'an nan su duka biyu su mutu.

Mutuwar nan tasu ita ce abincin daji. Mikiya da karen ruwa da dabbar nan da ake kira beyar sukan ci gawarsu, su ja saura zuwa cikin kurmi ya ruɓe ya zama taki. Ƙwarin ruwa su ci, 'ya'yan kifin da za a ƙyanƙyashe su ci ƙwarin. Watau kifin nan yana ɗauko albarkar teku a jikinsa ya kai ta kan dutse kowace shekara, ba tare da an biya shi lada ba. Masana sun ƙidaya irin dabbobi da tsuntsaye fiye da 100 da ke cin moriyarsa a wannan yanki.

Kafin a datse Elwha, dukan irin salmon biyar na wannan gefen teku suna shigarsa, an kuma ƙiyasta cewa a shekara mai albarka kifi wajen 400,000 ke haurawa. Babbansu, wanda ake kira cinuk, yakan kai nauyin kilo 45, watau bai gaza giwan ruwa mai kyau ba. Mutanen da ke zaune a bakin kogin tun kafin zuwan Turawa su ne ƙabilar Klallam, kuma kifin nan shi ne hatsinsu, shi ne dukiyarsu, a kansa aka gina bukukuwansu da addu'o'insu. A 1855 suka sa hannu a wata yarjejeniya da gwamnatin Amurka, suka sallama ƙasa mai faɗi, aka yi musu alkawarin cewa za su ci gaba da su a wuraren da suka saba.

YADDA AKA DATSE SHI

A 1910 wani ɗan kasuwa haifaffen Kanada, mai suna Thomas Aldwell, ya fara gina madatsa a wani matsatsin dutse, kilomita 8 kacal daga bakin teku, domin ya sayar wa garin Port Angeles da masana'antun katako wutar lantarki. An yi gaggawa a aikin, ba a kafa gindin bangon a kan fa ba, sai ga shi a watan Oktoba na 1912 ruwa ya fasa ta ƙarƙashi ya yi ambaliya a kan gidajen da ke gangare. Aka cike ramin da duwatsu da ƙasa da rassan itatuwa, aka fara ba da wuta a 1913. Tsayin bangon mita 33 ne.

Tun a 1890 dokar Jihar Washinton ta wajabta wa duk mai datse kogin da kifi ke bi ya yi masa hanyar wucewa, irin wadda ake kira matakalar kifi, watau jerin ƙananan kwatamai hawa-hawa a gefen bango, waɗanda kifi ke tsallakawa ɗaya bayan ɗaya har ya kai sama. Ba a yi wannan matakala a Elwha ba. Da magana ta taso, sai hukumar kifi ta jihar ta yarda a gina gidan ƙyanƙyasar kifi a madadinta. An buɗe gidan a 1915, bai yi wani abin kirki ba, aka yi watsi da shi a 1922. Dokar tana nan a rubuce, bangon kuma yana nan a tsaye. A 1927 aka ƙara madatsa ta biyu a sama, a kwazazzabon Glines, mai tsayin mita 64, ita ma babu hanyar kifi.

Daga nan kifin da ke da hanyar ruwa fiye da kilomita 110, in an haɗa da rassan kogin, ya koma ba shi da komai sai kilomita 8 na ƙasa. Dattawan Klallam sun ba da labarin yadda a shekarun farko kifaye suke taruwa a gindin bango suna tsalle suna bugunsa da kai har su mutu.

ABIN DA BANGO KE TAREWA BAN DA RUWA

Mutane da yawa sun ɗauka ruwa kaɗai madatsa ke tarewa. A gaskiya kogi yana ɗauke da kaya iri-iri, kuma bango ba ya zaɓe. Kowace damina, ko kowane lokacin narkewar ƙanƙara, kogi yana kankaro duwatsu ya gangaro da tsakuwa da yashi da laka da kututturan itatuwa. In ya shiga tafkin da ke bayan madatsa sai gudunsa ya mutu, kayan su kwanta a ƙasa. Ruwan da ke fita ta ɗaya gefen garau yake, amma mayunwaci ne: yana kwashe 'yar tsakuwar da ta rage a gangare, babu mai mayar da gurbinta. Haka ya faru a Elwha. Ko cikin kilomita 8 ɗin da aka bar wa kifi, tsakuwar zuba ƙwai ta ƙare, sai manyan duwatsu da wutsiyar kifi ba ta iya motsawa. Bakin teku ma ya ji a jikinsa, domin yashin da ke ciyar da gaɓa ya daina zuwa, teku ta riƙa cin ƙasar Klallam, wuraren da mata ke tonon kifin ɓawo suka zama tarin duwatsu.

Sa'an nan ga zafi. Ruwan da ya kwanta a tafki rana tana dukansa yakan ɗumama, salmon kuwa ba ya jure ruwan ɗumi. A ƙarshen bazara cututtuka sukan kama manyan kifaye su kashe su tun ba su zuba ƙwai ba. Ya zuwa ƙarshen ƙarni na 20, kogin da ke karɓar kifi 400,000 ya koma karɓar 3,000 zuwa 4,000, mafi yawansu ma 'yan gidan ƙyanƙyasa ne. Abin takaicin shi ne fiye da kashi 80 cikin 100 na ƙasar da kogin ke ratsawa tana cikin gandun dajin gwamnati na Olimpik, wanda aka kafa a 1938, inda ba a sara, ba a noma, ba a gina masana'anta. Rafuffukan suna nan tsaf kamar yadda Allah ya halicce su, kifin ne kawai babu.

LISSAFIN RIBA DA HASARA

Ba tausayin kifi kaɗai ne ya rushe madatsun nan ba. Lissafi ne da shari'a. A Amurka mai madatsar lantarki tilas ya riƙe lasin na gwamnatin tarayya, wanda ake sabuntawa bayan shekaru masu yawa. Kamfanin takarda da ya mallaki madatsun Elwha ya nemi lasin na ta ƙasa a 1968, ya nemi sabunta na ta sama a 1973, sai ƙofar tambaya ta buɗe. A 1974 wani alƙalin kotun tarayya, George Boldt, ya yanke hukunci cewa ƙabilun da suka yi yarjejeniya da gwamnati suna da haƙƙin rabin kifin da ake iya kamawa a wuraren sunsu na gado. Klallam suka ga cewa rabin babu, babu ne. A 1986 suka shigar da buƙata a gaban hukumar lasin cewa a kawar da madatsun gaba ɗaya, ƙungiyoyin kare daji suka mara musu baya.

Da aka zauna aka auna, sai aka tarar wutar da madatsun biyu ke bayarwa ba ta kai rabin abin da masana'antar takarda guda ɗaya ta Port Angeles ke bukata ba, alhali kuwa manyan layukan wuta na yankin sun daɗe da isowa garin. Ba a noman rani da ruwan tafkunan, ba a kuma gina su domin tare ambaliya ba. Binciken gwamnati ya nuna cewa ko an kashe kuɗi an yi matakalar kifi, ba za ta mayar da yawancin irin kifin ba, domin 'ya'yan kifi masu gangarowa za su ɓace a tafki ko su hallaka a injin. Abin da ya dace a 1913, lokacin da garin ba shi da wata hanyar samun wuta, ya zama kaya a ka bayan shekara 80.

A 1992 Majalisar Dokokin Amurka ta zartar da dokar mayar da kogin Elwha da kifinsa yadda suke, Shugaba George Bush babba ya sa hannu. Amma zartar da doka daban, sakin kuɗi daban. Akwai 'yan majalisa masu ƙarfi da ke tsoron kada a fara da Elwha a ƙare da manyan madatsun kogin Kolambiya, akwai kuma mutanen gari da suka saba da tafkunan, suna shawagi da kamun kifi a ciki, suna ganin rushewar ɓarna ce. Sai a 2000 gwamnatin tarayya ta sayi madatsun a kan dala miliyan 29.5. Aka ƙara shekara 11 ana shiri.

Wannan shiri ya cancanci a lura da shi, domin a nan yawancin kuɗin suka tafi. Aikin duka ya ci wajen dala miliyan 325, amma kwangilar fasa bangayen ba ta wuce kimanin miliyan 27 ba. Sauran an kashe su ne wajen gina matatun ruwa domin garin Port Angeles da masana'antarsa, da ɗaga ganuwar tare ambaliya, da gyara magudanar ƙazanta ta unguwannin Klallam saboda ruwan ƙarƙashin ƙasa zai taso, da sabon gidan ƙyanƙyasar kifi, da tara irin itatuwa da ciyayin yankin domin dashe.

RUSHEWAR

An fara aiki a watan Satumba na 2011. Babbar matsalar injiniyoyi ita ce laka. A cikin ƙarni guda tafkunan biyu sun tara tsakuwa da yashi da laka kimanin tan miliyan 30. Kwashe wannan da motoci ya fi ƙarfin aljihu, sakinsa a rana ɗaya kuma zai binne duk abin da ke gangare. Shawarar da aka tsayar ita ce a bar kogin ya kwashe kayansa da kansa, amma a hankali. Saboda haka ba a ɗaura wa bango nakiya an tashe shi gaba ɗaya ba, kamar yadda wasu ke zato. A Glines an ɗora injin fasa kankare a kan wani faffaɗan jirgi da ke yawo a tafkin, yana gutsurar bangon daga sama, a rage 'yan mitoci, a dakata ruwa ya sauka, kogi ya yanki lakar da ta bayyana ya tafi da ita, sa'an nan a sake gutsura. Da aka yi nisa ne aka koma amfani da nakiya kaɗan-kaɗan. An kuma keɓe wasu watanni na shekara da ake tsayar da aiki ɗungum, lokacin da kifi ke shigowa ko 'ya'yansa ke fita.

Madatsar ƙasa ta kau a watan Maris na 2012. A wannan shekara, da ruwan tafkin ya janye, sai ga wani dutse mai rami ya fito fili, wanda Klallam ke cewa a nan ne Mahalicci ya yi kakanninsu. Shekara kusan 100 yana ƙarƙashin ruwa. Waɗanda suka je ziyararsa jikoki ne da tattaɓa kunnen waɗanda suka gan shi na ƙarshe.

Daga nan wahala ta zo. A ƙarshen 2012 laka ta sauko fiye da yadda sabuwar matatar ruwa za ta iya ɗauka, ta toshe matatunta da famfunanta, tilas aka tsayar da aikin Glines kusan shekara guda ana gyara. Kogin ya yi kauri kamar kunu. Ƙwarin ruwa suka ragu ƙwarai, ramukan da kifi ke hutawa suka cike, aka ga gawar 'ya'yan kifi a gaɓa. Wanda ya ziyarci Elwha a 2013 zai rantse an kashe kogin ne. An tashi nakiya ta ƙarshe a Glines a ranar 26 ga Agusta, 2014.

ABIN DA YA DAWO DA ABIN DA BAI DAWO BA

Cikin shekara biyar kogin ya kwashe wajen kashi biyu cikin uku na abin da aka tara masa, mafi yawa ya kai teku. A bakinsa sabuwar ƙasa ta tsiro, kimanin hekta 60, da rairayi da ƙananan tafkuna inda ruwan daɗi ke gauraya da na gishiri, irin wurin da 'ya'yan salmon ke bukata su saba da teku kafin su shige ta. Ƙaguwa da ƙananan kifayen rairayi suka dawo. A filayen da tafkuna suka bari aka dasa itatuwa da ciyayi dubu ɗaruruwa, wasu wuraren kuma daji ya rufe da kansa, ko da yake inda ƙasar tsakuwa ce zalla tsiro ya yi ta jan ƙafa.

Kifi kuwa bai jira an gayyace shi ba. Tun a 2012 aka gan shi sama da inda madatsar ƙasa take, a watan Satumba na 2014 kuma, makonni kaɗan bayan nakiyar ƙarshe, aka ga cinuk ya wuce Glines. Sai aka lura wasu manyan duwatsu da suka rufto cikin kwazazzabon suna hana yawancin kifi wucewa, aka koma aka farfasa su a 2015 da 2016. Abin da ya fi ba masana mamaki shi ne wani dangin salmon da Turawa ke kira steelhead, irin mai shigowa da bazara, wanda aka ɗauka ya ƙare a Elwha. Ashe zuriyarsa tana nan a sama, an kulle ta bayan bango, ta zauna ƙanana a ruwan daɗi tsawon ƙarni. Da hanya ta buɗe sai jikokin suka gangara teku, suka dawo manya ɗari-ɗari. Har a jinin wani ɗan tsuntsu mai nutso a rafi an auna an ga alamar abincin teku ta dawo.

Duk da haka kada mai karatu ya ɗauka an koma zamanin 400,000. Cinuk yana dawowa dubu-dubu, amma har yanzu da yawansu 'yan gidan ƙyanƙyasa ne, kuma masu kilo 45 ba su bayyana ba tukuna. Mafi ƙanƙantar irin salmon ɗin, wanda a da ya fi kowanne yawa a kogin, farfaɗowarsa tana tafiyar hawainiya. An yi ta jayayya, har gaban kotu, a kan ko sakin kifin ƙyanƙyasa yana taimakon na daji ko yana raunana shi. Teku kanta ta ƙara ɗumi, wannan kuwa ba abin da rushe bango zai gyara ba ne. Kogin da aka kwance wa mari ya koma halinsa na sauya hanya, ya cinye wani ɓangare na titin mota da ke shiga gandun dajin, ya lalata wuraren kwanan 'yan yawon buɗe ido. Su kuma Klallam, waɗanda suka fi kowa ƙoƙari, su suka fi kowa haƙuri: an hana su gaba ɗaya a kogin tun 2011, sai a watan Oktoba na 2023 suka sake jefa ƙugiya, aka ƙayyade musu kifi 400 na irin da ake kira koho, domin ci da bukukuwan gargajiya.

Abin da aka koya a Elwha an yi aiki da shi a kogin Klamath, tsakanin jihohin Origon da Kalifoniya, inda aka rushe madatsun lantarki huɗu daga 2023 zuwa Oktoba 2024, bayan gwagwarmayar ƙabilun Yurok da Karuk da wasunsu. A can ma kamfanin da ke da su ya ga rushewa ta fi gina matakalar kifi araha. Cikin wannan wata na Oktoba aka ga cinuk a rafuffukan Origon, inda rabonsa da su tun 1912. Madatsun sama na Klamath, waɗanda ke daidaita ruwan manoma, ba a taɓa su ba. A Faransa ma an kawar da manyan madatsu biyu a kogin Sélune tsakanin 2019 da 2022.

INA RUWAN NIJERIYA DA WANNAN?

Ba wanda ke da hankali da zai karanta labarin Elwha ya ce a je a fasa Kainji ko Tiga. Waɗannan suna ba miliyoyin mutane wuta da ruwan sha da abinci, tafkunansu kuma sun zama wuraren su da ke ciyar da dubban iyalai, alhali madatsun Elwha masana'anta ɗaya suke yi wa hidima. Inda labarin ya shafi ƙasar nan shi ne wajen sanin cewa kifi yana da hanya da lokaci. Kifin kogunan Arewa ba ya zuwa teku, tafiyarsa ta gefe ce: in ruwa ya cika ya malala cikin fadama, tarwaɗa da bargi da ƙarfasa sukan bi shi su shiga ciyawa su yi ƙwai, 'ya'yan su girma a can, su komo kogi in ruwa ya fara janyewa. Kowane masunci ya san shekarar da ambaliya ta yi kyau ita ce shekarar kifi. Madatsar da ta riƙe ruwan damina ta hana shi malala ta toshe wannan hanya, kamar yadda bangon Aldwell ya toshe ta salmon.

An ga haka a fadamun Haɗejia da Nguru. Bayan Tiga da kuma madatsar Challawa, wadda aka gama a 1992, faɗin ƙasar da ambaliya ke rufewa ya ragu, ruwan da ake saki kaɗan-kaɗan rani da damina kuma ya ba ciyawar kacala damar cika hanyoyin ruwa, ta hana jirage wucewa, ta zama maɓoyar jan baki masu cin hatsi. Masunta da manoman shinkafa da makiyaya na Jigawa da Yobe su ne suka ɗauki nauyin, ko da yake ba a sa su cikin lissafi ba ranar da ake zana aikin.

Tsakanin barin bango yadda yake da rushe shi akwai matakai: sakin ruwa mai yawa a lokacin da ambaliya ta saba zuwa, buɗe tsofaffin hanyoyin ruwa da aka toshe, da kawar da ƙananan shingayen da suka cike da yashi suka daina amfani. Maƙwabciyar Nijeriya, Kamaru, ta gwada na biyun. A 1979 aka gina madatsar Maga da ganuwa a gefen kogin Logone domin noman shinkafa, sai fadamar da ke gabashin gandun dajin Waza ta bushe, ciyawa mai kyau ta mutu, masunta da makiyaya suka watse. A 1994 aka fasa ganuwar a wuri ɗaya, aka buɗe wani tsohon reshen kogi, ruwa ya sake rufe kimanin murabba'in kilomita 200. A 1997 aka buɗe reshe na biyu. Cikin 'yan shekaru ciyawa mai daɗewa ta fara maye gurbin ta shekara-shekara, tsuntsayen ruwa suka ƙaru, masunta suka komo da komayensu, garkunan shanu kuma suka koma cin rani a wurin. Madatsar Maga tana nan, ana kuma noman shinkafa a gindinta.